Buɗe Tsofaffin Na'urorin Gem: Ina Ƙirar Gida Ta Tsaya, Ina Satar Fasaha Ta Fara?

Duk wanda ya leƙa gidan gem a Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai iya ganin PlayStation 2 tana aiki babu faifai a cikinta, sai filash maƙale a gabanta, yara suna zaɓen wasa daga jerin sunayen da suka fito a talabijin. In ka tambayi mai gidan, amsarsa gajeriya ce: an buɗe ta, ko an sa mata cif. Kalmar nan ta “buɗewa” ta tattara ayyuka daban-daban waɗanda hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali. Wasu na ganin duk wanda ya taɓa cikin na'ura ɓarawon fasaha ne. Wasu na ganin tunda da kuɗinsu suka saya, magana ta ƙare. Akwai kuma matasan da suka ji ana ɗora Linux a kan tsohuwar na'urar gem, suka ɗauka hanya ce ta samun kwamfuta a arha. Kowannensu ya kama wani yanki na gaskiya, ya saki saura.

Ma'anar kalmomin

Na'urar gem kwamfuta ce. Tana da masarrafa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, tana da ma'adanar wucin gadi inda take riƙe aikin da take kai, tana da sashen zana hoto. Abin da ya raba ta da kwamfutar ofis shi ne kamfanin da ya ƙera ta ya kulle ta, ba ta karɓar manhaja sai wadda ke ɗauke da hatiminsa.

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya, sauran manhajoji su hau kanta, kamar Windows a kwamfuta ko Android a waya. Linux babbar manhaja ce da Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya fara rubutawa a 1991. Kyauta ce, kuma rubutunta a buɗe yake ga kowa ya karanta ya gyara, shi ya sa ake iya daidaita ta da kusan kowace irin masarrafa. NetBSD ma haka take. Famwaya kuwa ita ce manhajar da kamfani ya dasa a cikin na'urar tun daga masana'anta, wadda ke tashi da zarar an kunna.

Manhaja ƙirar gida ita ce abin da Turawa ke kira homebrew. Asalin kalmar tasu abin sha ne da mutum ya dafa a gidansa maimakon ya sayi na kamfani. A nan ana nufin wasa ko wata manhaja da mutum ya rubuta da kansa don na'urar da aka kulle, ba tare da lasisin kamfanin ba. Mai ita ya rubuta abinsa, bai kwafi na kowa ba.

Buɗewa iri biyu ce. Akwai ta cif, inda ake kwance na'ura a lika wani ɗan ƙaramin guntun lantarki da dalma a kan allonta. Akwai ta manhaja, inda ba a kwance ko noti ɗaya, sai a bi ta wani kuskure da ke cikin famwaya ko cikin wani wasa. Emuleta kuma manhajar kwaikwayo ce, wadda ke sa wata na'ura ta yi aiki kamar wata, misali Wii ta Nintendo ta kunna wasannin tsohuwar Sega.

Satar fasaha ita ce kwafe wasan da wani ya kashe kuɗi ya shirya, a raba ko a sayar ba da izininsa ba. Ita ce ta ɓata wa sauran suna, domin ƙofar da ƙirar gida ke shiga, ta nan kwafaffen wasa ma yake shiga.

Dalilin kullewa

A 1983 kasuwar wasannin bidiyo ta rushe a Amurka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kowa na iya buga wasa ga na'urar Atari, sai kasuwa ta cika da tarkace har masu saye suka juya baya. Da Nintendo ta shiga Amurka da NES a 1985, sai ta sa wani cif mai suna 10NES wanda ke ƙin duk wani kaset da ba ta amince da shi ba. Daga nan kulle ya zama al'adar sana'ar.

Babban dalilin dai kuɗi ne. Sau da yawa kamfani yana sayar da na'urar a farashin da bai kai kuɗin ƙera ta ba, ya fanshe daga kason da yake karɓa a kan kowane wasa da aka sayar. PlayStation 3 ta Sony, wato PS3, ta fito a 2006 a kan dala 499 da dala 599, kuma duk da tsadar nan Sony faɗuwa take yi a kan kowace guda. Wanda ya sayi irin wannan na'ura bai sayi wasa ko ɗaya ba, a lissafin kamfani asara ce.

Akwai kuma kullen yanki. PlayStation 2, wato PS2, ta Japan ba ta karɓar faifan Turai, ta Turai ba ta karɓar na Amurka. Wannan ya shafi kasuwanninmu kai tsaye, domin na'urori na hannu suna shigowa daga ƙasashe daban-daban, faifai ma haka. Mutum zai iya riƙe na'ura ta asali da faifai na asali, su ƙi juna.

Lokacin da kamfani ya buɗe ƙofa da kansa

Masu cewa ɗora wata babbar manhaja a kan na'urar gem laifi ne daga tushe sukan manta cewa Sony da kanta ta yi shekaru tana sayar da hanyar yin hakan. A 1997 ta kai wata baƙar PlayStation mai suna Net Yaroze kasuwannin Turai da Amurka don masu son rubuta wasa a gida. A 2002 ta sayar da kayan Linux na PS2, haɗe da ma'adanar bayanai mai gigabayit 40 da allon rubutu da linzami. Da PS3 ta fito, a cikin jerin saitinta akwai wani zaɓi mai suna OtherOS, wanda ke ba mai na'ura damar ɗora Linux, kuma da yawa sun ɗora samfurin Yellow Dog.

Masana kimiyya ne suka fi cin moriyar wannan. Masarrafar PS3, wadda ake kira Cell, tana da ƙarfin lissafi da ya fi kuɗinta nesa ba kusa ba. Gaurav Khanna, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Massachusetts Dartmouth a lokacin, ya haɗa PS3 guda 16 yana nazarin ramukan sararin samaniya masu haɗiye haske. Sashen bincike na rundunar sojin saman Amurka ya wuce nan: a 2010 ya haɗa guda 1,760 a garin Rome na jihar New York, ya kira tarin Condor Cluster, yana sarrafa hotunan rada da na tauraron ɗan'adam da su.

Sai al'amari ya juya. Siririyar PS3 da ta fito a 2009 ba ta zo da OtherOS ba. A Janairun 2010 wani matashi Ba'amurke, George Hotz, ya bi ta cikin Linux ya tsallake katangar tsaron na'urar. A ranar 1 ga Afrilun 2010 Sony ta fitar da famwaya mai lamba 3.21, wadda ta cire OtherOS daga tsofaffin na'urorin da ke hannun mutane. Wanda ya ƙi sabuntawa ya rasa shiga dandalin wasa na intanet da sababbin wasanni, wanda ya sabunta ya rasa Linux. Gaba kura, baya siyaki.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Fiye da shekara uku PS3 ta yi babu wanda ya fasa ta. Watanni kaɗan bayan an rufe ƙofar Linux, a Disambar 2010, wata ƙungiyar masana tsaron kwamfuta mai suna fail0verflow ta tsaya a wani taro a Balin ta bayyana babban kuskuren Sony. Hatimin da kamfanin ke sa wa manhajoji na lissafi ne, kuma ƙa'idarsa ita ce duk lokacin da za a buga shi a zaɓi sabuwar lamba ta canki-canka. Sony lamba ɗaya ta yi ta maimaitawa. Da hatimi biyu kacal a hannu, mai ilimin lissafi zai iya fito da mabuɗin sirrin. A Janairun 2011 Hotz ya wallafa ɗaya daga cikin mabuɗan, Sony ta maka shi a kotu, aka yi sulhu cikin 'yan watanni. Masu na'urorin su ma sun haɗu sun kai ƙarar Sony a kan cire abin da suka biya kuɗinsa, kuma bayan shekaru ana fafatawa kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a raba musu.

Sony na da hujjarta, domin ta OtherOS ɗin Hotz ya fara shiga. Amma ƙwararrun da suka rushe katangar gaba ɗaya sun ce Linux suke son dawowa da ita, kuma muddin ƙofar tana buɗe ba su da dalilin fasa bango. Da suka fasa, masu kwafar wasanni suka bi sawunsu.

Yadda ake shiga

Xbox ta farko, wadda Microsoft ta fitar a 2001, kusan kwamfutar tebur ce a cikin baƙin akwati: masarrafar Intel mai gudun megahaz 733, ma'adanar wucin gadi megabayit 64, da ma'adanar bayanai a ciki. A 2002 Andrew Huang, ɗalibi a jami'ar MIT, ya saurari bayanan da ke gudana a kan allonta ya tsinci mabuɗin sirrinta. Daga baya aka gano cewa wasu wasanni, irin su MechAssault da Splinter Cell, ana iya ba su gurɓataccen fayil ɗin ajiya su buɗe na'urar ba tare da cif ba. A kan wannan Xbox aka haifi XBMC, manhajar kallon fim da sauraron sauti da masu sa kai suka rubuta. A 2014 aka canja mata suna zuwa Kodi, kuma yau tana aiki a wayoyi da kwamfutoci da akwatunan talabijin a duk duniya. In ana neman shaidar cewa ƙirar gida na haifar da abu mai amfani wanda ba na sata ba, Kodi ta isa.

Labarin Wii ya fi nuna yadda ƙaramin sakaci ke buɗe babbar ƙofa. A cikin wasan Zelda mai suna Twilight Princess ɗan wasa na iya raɗa wa dokinsa suna. Waɗanda suka rubuta wasan sun ware wa sunan ɗan gurbi, ba su sa abin da zai duba tsawonsa ba idan ana karanto shi daga fayil ɗin ajiya. A 2008 wata ƙungiya mai suna Team Twiizers ta shirya fayil mai sunan doki dogo ƙwarai, wanda ya cika gurbin ya malala zuwa inda na'ura ke karanta umarni, kamar a zuba ruwan tulu a kofi. Abin da ya malala umarninsu ne. Ta haka aka girka Homebrew Channel, tashar da ke kunna manhajojin gida daga katin memori.

Dreamcast ta Sega ba ta buƙaci ko wannan wahalar ba. An ƙera ta da ikon karanta wani nau'in faifan waƙa mai suna MIL-CD, sai aka gano cewa ta wannan hanya tana tashi da faifan da aka ƙona a gida. Sega ta daina ƙera ta a 2001, amma har yau ana rubuta mata sababbin wasanni, kuma Linux da NetBSD duk suna hawa kanta.

PS2 da muka fara da ita kuwa, wadda aka sayar da fiye da miliyan 155, abin da ke buɗe ta a yau yawanci wata manhaja ce mai suna FreeMcBoot da ake zubawa a katin memori, sai Open PS2 Loader da ke fito da jerin wasanni daga filash ko ma'adanar bayanai. Dukansu ƙirar gida ne, masu sa kai suka rubuta su suka bayar kyauta. Ramin filash na PS2 tsohon samfuri ne mai jinkiri, shi ya sa bidiyon cikin wasa ke sarƙewa idan daga filash ake kunnawa.

Shin za ta zama kwamfuta?

A nan ya kamata a rage wa matasa buri. PS2 megabayit 32 take da shi na ma'adanar wucin gadi, Dreamcast 16, Wii 88, PS3 kuwa 256 ne a babban ɓangarenta, kuma a zamanin OtherOS Sony ta toshe wa Linux hanyar amfani da sashen zana hoto. Wayar Android mafi arha a kasuwa yau ta ninka waɗannan sau da yawa. Shafin intanet ɗaya na zamani zai iya cinye abin da Wii take da shi gaba ɗaya. Wanda ke neman abin buga takardu ko karatu a intanet, tsohuwar kwamfutar cinya ta hannu ta fi masa, kuma Linux za ta hau kanta ba tare da wata dabara ba.

Amfanin ɗora Linux a na'urar gem ilimi ne. Wanda ya bi matakan ya ga yadda na'ura ke tashi, yadda babbar manhaja ke magana da kayan ƙarfe, da yadda ake rubuta manhaja a wuri matsattse, ya koyi abin da ajin kwamfuta da yawa ba sa koyarwa. Wasan Micro Mages da wani ƙaramin kamfanin Jamus ya fitar wa NES a 2019 kilobayit 40 ne kacal, bai kai hoto ɗaya na waya ba. Akwai kuma GB Studio, manhajar kyauta da ke ba wanda bai ƙware a rubutun manhaja ba damar haɗa wasan Game Boy nasa.

Ra'ayoyi da matsayin doka

Kamfanoni na cewa mafi yawan masu buɗe na'ura ba Linux ce ta dame su ba, wasa kyauta suke so. Wannan magana gaskiya ce, kuma duk wanda ya san abin da ke cikin filash ɗin gidajen gem ba zai musa ba. Suna ƙarawa da cewa buɗaɗɗiyar na'ura na ba da damar maguɗi a wasan intanet. Masu shirya finafinan Hausa, waɗanda suka ga yadda kwafe ya karya kasuwar faifai, sun san zafin da ake magana a kai.

Masu ƙirar gida na cewa abin da mutum ya saya nasa ne, kuma laifin kwafe yana kan mai kwafe. Masu adana tarihi sun ƙara wata hujja mai nauyi. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Nintendo ta rufe shagon intanet na Wii a 2019, na Wii U da 3DS a Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. Da Nintendo ta kashe dandalin wasan intanet na Wii a 2014, masu sa kai ne suka kafa Wiimmfi don Mario Kart da sauransu su ci gaba.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta haramta tsallake makullin da ke kare haƙƙin mallaka. An yi wa wayoyin hannu sassauci a 2010, aka hana na'urorin gem a 2012, sai a 2021 aka yarda a taɓa makullin don gyaran sashen karanta faifai kawai. A Ostareliya babbar kotu ta wanke wani mai sa cif a shari'arsa da Sony a 2005, bisa dokar lokacin. A Nijeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ƙunshi hani a kan tsallake irin waɗannan makullai, don haka mai sana'ar buɗe na'ura ya san cewa batun ya shigo dokar gida.

Idan aka duba waɗanda hukunci mai tsanani ya hau kansu, galibi masu kasuwancin kwafe ne. Gary Bowser, ɗan Kanada da ya yi aiki da ƙungiyar Team Xecuter mai sayar da kayan buɗe Nintendo Switch, an yanke masa ɗaurin wata 40 a 2022, tare da biyan Nintendo dala miliyan 14.5.

Abin da ke tafe, da abin lura

Tsofaffin na'urori suna mutuwa ta wurare sanannu. A PS2 idon da ke karanta faifai ne ke fara gajiya, ƙura da zafi kuma na gaggauta hakan. Sony ta daina ƙera ta tun farkon 2013. Na'urar da idonta ya mutu, in ba a canja idon ko an buɗe ta ba, bola ce makomarta. A Xbox ta farko akwai wani ɗan kafasita mai riƙe agogo wanda ke yoyo ya cinye allon, kuma masu ƙirar gida ne suka yaɗa shawarar a cire shi. Ilimin gyaran waɗannan na'urori yanzu a hannun masu sa kai yake, kamfanonin sun wuce gaba.

Akwai haɗari. Kuskure wajen taɓa famwaya na iya mayar da na'ura bulo, wato ta ƙi tashi har abada. Kamfanoni na korar buɗaɗɗun na'urori daga dandalinsu na intanet. Fayilolin da ake saukewa daga shafukan da ba a sani ba na iya zuwa da cuta ga kwamfutar da aka sauke su. Kuma FreeMcBoot da Homebrew Channel da Kodi duk kyauta ne, wanda ya karɓi kuɗinka ladan aikinsa ya karɓa, bai sayar maka da manhaja ba.

Wani misali na nuna yadda layin ke cakuɗewa. Wasan ƙwallo na PES na ƙarshe da ya fito wa PS2 shi ne na 2014, amma a gidajen gem ana buga shi da 'yan wasan bana da rigunan bana. Masu sa kai ne ke zama su sauya sunaye da fuskoki da kulob, aiki na gaske mai cin lokaci. Sai dai a kan wasan kamfanin Konami suka yi shi, kuma tare da kwafin wasan ake raba shi. Gyaran nasu ne, wasan ba nasu ba ne.

Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne a raba ayyukan. Buɗe na'urar da mutum ya saya, wadda kamfaninta ya daina ƙerawa ya rufe shagonta, don a gyara ta, a koyi ilimi a kanta, ko a kunna manhajar da mai ita ya bayar kyauta, abu ne da ya kamata doka ta ba shi fili. Kwafe wasan da har yanzu ake sayarwa a cika filash da shi a karɓi kuɗi satar fasaha ce, ko da cif aka yi ko da memori. Masu gyaran na'urorin gem a kasuwanninmu sun riga sun iya kwancewa da lika cif da zuba manhaja. Kira gare su da matasan da ke zama a shagunansu shi ne su ƙara taki ɗaya, su sauke kayan rubuta manhaja na waɗannan na'urori, waɗanda kyauta ne, su fara haɗa wasa nasu da Hausa.